Mai Hura Hayaƙi a Janaina

Ni ne yaron da ke hura hayaƙi
a filin jirgi na Janaina:
tsumma, kashin raƙumi, ɗan baƙin mai,
don mutumin sama ya gane
inda iska ta sa gaba.
Aikina ke nan. Kuɗinsa bai sayen takalmi.

Sunansa Tarrant, bakinmu ya ce Taranti.
Dogo, hancinsa kullum a saɓule don rana.
Jirginsa katako ne da zane da waya,
in ya sauka sai ya yi ta ƙas-ƙas yana hucewa
kamar tukunyar da aka sauke daga murhu.
Ba ya gaisawa sai ya ƙirga buhuna.
In sun cika bakwai, sannan ya nemi shayi.

Mu shekara uku muka tako daga Haɗeja.
Mun binne kakata a Wadai,
mun nome gonar wasu damina biyu,
Makka na gaba, ƙafa ta ce nan.
Shi kuwa ya ce tafiyar kwana biyu ce.
Uwata Tabawa ta taɓe baki:
"Wanda bai sha ruwan hanya ba
ina ya san tsawonta?"

Taswirarsa fara fat, ba gari ba gulbi.
A gwiwa yake ɗora ta yana cikewa:
nan kuka mai kai biyu,
nan dutse mai tozo,
nan rijiyar da shanu suka yi wa hanyoyi
kamar tsagar fuska.
Da abin da makiyayi ya sani yake tashi.

Daminar da Wadi Kaja ya yi ambaliya
bai zo ba.
Kwana uku ina hura wuta ga sararin banza,
har idona ya koma gauta.
Rana ta huɗu ga shi bisa jakin wani Bamasalace,
kafaɗa a karye, takalmi ɗaya,
buhu shida a bayansa, na bakwai a ƙirji,
duk suna ɗiga.

Muka shanya wasiƙu a kan ƙaya
kamar wankin gidan biki.
Turanci, Larabci, ajami,
bashi, gaisuwa, rasuwa, haihuwa,
kowanne na zubar da hawayen tawada.
Yana zaune yana gadi da sanda, kada awaki su ci.

Ɗaya tamu ce, daga kawuna Ɗanjuma.
Ruwa ya cinye duka
sai kalma biyu a gindin takarda: muna nan.
Su wa? Su nawa?
Uwata ba ta tambaya ba.
Ta wanke sauran baƙin a ƙoƙo
ta shanye.

Daga baya manyan jirage suka zo, masu magana da rediyo.
Aka rataye wata doguwar jaka a bisa sanda,
ita ke nuna iska, ba ta cin abinci.
Na koma ɗinki.

Shekara ashirin, na je Hartum sayen allurar keke,
na shiga gidan waya neman inuwa.
Ga shi can bayan kanta yana auna buhuna,
tabarau mai kauri kamar gindin kwalba.
Ido ya ƙi, an sauko da shi ƙasa.
Na ce, "Taranti."
Ya daɗe yana shinshina muryata.
Sai ya ce, da gurguwar Larabcinsa ta da,
"Yaro, yau ina iska?"

Ɗaki ne rufe, fanka na juya zafi.
Furfura ta fara mini a gemu.
Duk da haka na lashi yatsa,
na ɗaga sama,
na ce masa yamma.